Waƙar taurari da Hausa, ai ba sabon abu ba ne

Ɗan uwa ka tambaya ko za a iya rubuta waƙa da Hausa kan sararin samaniya da wasu duniyoyi ba tare da ta yi ɗanɗanon fassara ba. Wallahi ana iyawa, malamanmu na da ma sun tsara waƙoƙin taurari da ajami don lissafin damina.

Ni dai shawarata kar ka fara da roka da mutum-mutumi, fara da abin da idonka ke gani. Ranar da aka ɗauke wuta a Zinder ka fita bayan isha ka hau duwatsun nan na Birni ka ɗaga kai, ga Kaza da 'Ya'yanta can, in lokacinta ne ga Zara matar wata, wadda ashe ba tauraruwa ba ce duniya ce da zafinta ya zarce digiri 450, darma ma narkewa za ta yi. To ka sa baƙon Badamagare ya sauka can da rawaninsa mana, ka ji me zai ce!

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar haske, na rana minti 8 yake yi kafin ya iso mu, na Andromeda kuwa, wani babban gungun taurari mai nisan gaske, shekara wajen miliyan 2.5, wato tsohon labari kake kallo kamar wasiƙar da ta makara a tasha. Wannan kaɗai ya ishe ka baiti goma.

Amsa-amo ne zai wahalshe ka, Andromeda ba ta zama a ƙarshen ɗango, wato layin waƙa, sai da dabara, ni tsakiya nake cusa ta.