Amsa: Me ya sa ƙwaya ke isowa Katsina duk da kamen da ake yi a tashar jiragen ruwa ta Legas?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake kama kwantena cike da ƙwaya a Apapa da Tin Can, amma har yanzu matasanmu na Katsina suna samunta a sauƙaƙe.

Hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce doka ta ɗora wa wannan aiki, tana yinsa tare da kwastam, kuma idan 'yan sanda suka kama mutum da ƙwaya, hannunta suke miƙa shi domin a gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya. Matsalar ita ce kwantenonin da ke sauka sun fi ƙarfin a buɗe kowanne, masu safara kuma suna ɓoye tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, wadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ba ta amince da ita ba, a cikin kayan halal.

Sannan ba ta Legas kaɗai take shigowa ba. Wadda aka sauke a Kwatano ko Lome tana iya biyowa ta Nijar, ta ratsa ɓarauniyar hanya wajen Jibiya ko Kongolam. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ƙananan dillalai ake yawan kamawa a unguwanninmu, masu ɗaukar nauyin shigo da kayan kuwa ba kasafai muke ganinsu a gaban alƙali ba.