'Yan tsanan Batman ɗina sun fara danƙo, in wanke su da fetur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai tara 'yan tsanan jaruman katun ne, yawancinsu a dilar gwanjo nake tsinto su. Waɗanda na fi ji da su na Batman ne na kamfanin Kenner, masu hatimin 1992 da 1993, sai Wolverine da Cyclops na Toy Biz. Tun zafin bana hannuwansu da ƙafafunsu suka fara danƙo, ƙura sai mannewa take, wasu kuma farin jikinsu ya koma rawaya. Na ɗaure kowanne a leda na rufe a akwati, amma abin ƙaruwa yake. Wani mai gyaran waya ya ce in goge su da fetur ko tina, a intanet kuma na ga ana jiƙa su a ruwan feroksaid, ruwan nan mai kumfa na wanke rauni, a shanya a rana. Wallahi hankalina a tashe yake, ga shi ƙaramin yarona ya taɓa sa ɗaya a baki. Sun lalace ke nan?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba su lalace ba tukuna. Abin da zai lalata su shi ne shawarar da aka ba ka, don haka ka ajiye kwalbar fetur ɗin nan kafin ka ƙarasa karanta amsar.

Ɗauki ɗaya ka shafa ƙirjinsa da yatsa, sannan ka shafa damtsensa. Za ka ji ƙirjin a bushe garau, damtsen da kai da ƙafa su ne ke kama yatsa. Dalili kuwa roba iri biyu ce a jikinsu. Gangar jiki robar ABS ce mai tauri, gaɓoɓin kuma PVC ce da aka zuba mata sinadarin tausasawa don ta yi laushi. Sinadarin nan bai haɗe da robar ya zama abu ɗaya ba, zaune kawai yake a cikinta. Shekara talatin da ɗoriya, ga zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, dole ya tsattsafo waje. Maiƙon da kake ji ke nan. Daga cikin jikin yake fitowa, kuma ledar da ka ɗaure ta ƙara ta'azzara shi, don tururin bai samu hanyar fita ba sai ya koma ya kwanta a jikinsu. Yau ɗin nan ka kwance su.

To, mu zo kan fetur, don wannan magana ta ishe ni. Kusan duk wanda ya kawo min 'yar tsanar da ta mutu murus, in na bi diddigi sai in tarar wani "masani" ne ya ce a goge da fetur, ko kananzir, ko tina, ko ruwan goge jan farce. Abin da ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa shi ne a minti biyar na farko tana yin kamar gaskiya. Ka goga, danƙon ya tafi, jikin ya yi ƙarau, mai ba da shawara ya ce ka gani ko? Shi ya tafi abinsa, ba ya nan ranar da sakamakon zai fito.

Ga abin da ke faruwa. Fetur ba ya tsayawa kan maiƙon da ke sama, shiga yake cikin robar ya zuƙo sauran sinadarin da ya rage, wanda shi ne ke riƙe da laushinta. Bayan 'yan kwanaki hannun ya ƙanƙance ya yi tauri, ranar da ka zo juya shi sai ka ji ƙas, ƙusar kafaɗar ta karye a cikin rami. Wannan ba shi da magani sai dai a haƙa a dasa wata, kuma darajar ta tafi. Shi kuwa ruwan goge jan farce, asiton da ke cikinsa narkar da ABS yake kai tsaye. An taɓa kawo min wani Batman da aka goge wa ƙirji da shi: tambarin jemagen ya narke ya zama baƙin tabo, ga shatin zanen yatsan mai gogewar ya zauna daram a cikin robar, har abada. Fenti kuwa ba a magana. Idanun nan farare 'yan mitsi-mitsi, da jan bakin Joker, shafa ɗaya ta ishe su. Kuma ana wannan aiki ne a ɗaki a rufe, da yara a gefe, wani lokacin ga risho a kunne a tsakar gida. Saboda 'yar tsana mutum ya jawo wa gidansa gobara?

Mai gyaran waya ya san aikinsa, ban raina shi ba. Amma abin da ke wanke allon cikin waya na ƙarfe da dalma daban, abin da fentin roba zai jure daban. Masu bidiyon intanet kuma sun fi ba ni haushi, don suna nuna maka kafin da bayan a rana ɗaya, ba wanda ke dawowa bayan shekara ya nuna maka yadda abin ya koma. Jiƙawa a feroksaid da shanyawa a rana tana hasko farar roba, gaskiya ne, amma rawayar kan dawo, launuka masu duhu su kan yi dabbare-dabbare, kuma ranar da ka shanya su a cikinta tana cikin abin da ya jawo rawayar tun farko. Kamar mai shafe-shafen bilicin ne, hasken wata uku, ƙunar shekara da shekaru. Ni a wurina rawayar da tsufa ya kawo ba aibi ba ce, masu saye na gaske sun fi yarda da ita a kan fari fat ɗin da ba su san me aka yi masa ba.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne har mutane ke raina shi. Cire mayafin ƙyallen da makaman ka ajiye gefe. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda hannunka zai zauna a ciki ba tare da ka janye ba, ɗigo biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Ka bi gaɓoɓin a hankali, fuska kuma da yatsa kawai. In akwai sitika a jiki kada ta taɓa ruwa. Ka ɗauraye, ka tsane da ƙyalle, ka bar su a inuwa kwana guda ruwan da ya shiga cikin gangar jiki ya fita. Wanda danƙonsa ya yi yawa ka maimaita. Zai dawo bayan wasu watanni, ka sake wankewa. Ba a warkar da wannan ciwo, lallaɓa shi ake. Wajen ajiya ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, a kabad ɗin da iska ke ɗan shiga, kuma kada su jingina da juna, domin maiƙon gaɓar wani yana iya cin fentin wani.

Wata 'yar magana kan hatimin da ka ambata. Shekarar da ke jiki ta haƙƙin mallakar ƙirar ce, ba lallai ita ce shekarar da aka buga wannan ɗin ba. Katun ɗin Batman ya fara fita a Amurka a Satumbar 1992, Kenner kuma ya yi ta maimaita ƙira ɗaya da launuka iri-iri na shekaru, har da waɗanda Batman bai taɓa sawa a katun ɗin ba. Wanda masu tarawa suka fi nema shi ne Combat Belt Batman, mai toka-toka da baƙi kamar yadda yake a allo, shi ma in da ɗamararsa da kayansa. Na X-Men kuwa, wato su Wolverine da Cyclops ɗinka, Toy Biz ya fara su tun 1991, kafin katun ɗinsu ya fito a 1992. Na dila da wuya su zo da makamansu, saboda haka ka riƙe su don kana son su, kada wani ya hure maka kunne cewa kuɗin fili ne a akwatinka.

Batun yaro shi ne wanda ba na wasa da shi. Sai a 2008 Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita wasu daga cikin sinadaran tausasa roba, dangin fitalet, a kayan wasan yara, kuma naka sun girmi dokar da shekara goma sha biyar ko fiye. Sawa a baki sau ɗaya ba abin firgita ba ne, amma 'yar tsanar da ke tsattsafo da maiƙo ba ta yaro ba ce, balle ƙananan makaman da za su iya maƙale masa a maƙogwaro. Ka ɗaga su sama inda hannunsa ba zai kai ba, kai ma ka wanke hannu bayan ka taɓa su kafin ka ci abinci. In ya nace da kuka, ka saya masa sabo nasa na kansa.