Amsar Yaya a zauren dangi: ku yada zango a Zariya

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Hajiya ina wuni, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanena, na saurari saƙonka tun da rana, ina kasuwa ne ban samu sukuni ba, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na bari sai da na natsu. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi zai kwashi iyali daga Abuja zuwa Sakkwato bikin ƙanwar matarsa a hutun Disamba, shi da maiɗakinsa da yara 3 da Hajiya, a motar haya, kuma yana so su yada zango kwana 1 ko 2 a hanya. Yana tambaya tsakanin Kaduna da Zariya da Funtuwa da Gusau, wanne ya fi.

To ni dai Zariya na ce, kuma ban yi wata-wata ba. Bari in faɗa maka dalili, don kar ka ga kamar son garin ne kawai, ko da yake ina son sa.

Kai kana duba inda za ku kwana ne, ni kuma ina duba inda gari zai waye muku. Tafiyar nan ta haura kilomita 600, amma ba tsawonta ne abin ji ba. Abin ji shi ne wannan tsakanin, daga Funtuwa ka bi 'Yankara, ka shiga Tsafe, ka wuce Kwatarkwashi har Gusau. Kowa a nan ya san halin da hanyar take ciki na 'yan bindiga, ba sai na tsaya bayani ba, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Wurin nan da rana tsaka ake son a ratsa shi, motoci na kai da kawo, jami'an tsaro na kan hanya. Saboda haka duk garin da za ka zaɓa, ka fara tambayar kanka: in na tashi daga nan da safe, ƙarfe nawa zan kai Tsafe? Da wannan awon na auna garuruwan naka guda 4.

Gusau ka cire shi tun yanzu. Ba laifin garin ba ne. Matsalar ita ce kafin ka kwana a Gusau sai ka ratsa wurin da nake magana a ranar farko, bayan ka taso tun daga Abuja, ka ga ke nan da la'asar sakaliya ko ma magariba za ka shige shi. Ni na taɓa ganin irin wannan. Shekarun baya na ce zan yi ta a yini ɗaya da yarana biyu, motar ba ta cika da wuri ba, ga tsaye-tsaye a hanya, muka iso Funtuwa rana ta yi ja. Direban ya kashe mota a wani gidan mai ya ce wallahi ko nawa za a ba shi ba zai ƙara gaba ba, kuma gaskiyarsa. A nan muka kwana. Na shimfiɗa zanena a barandar masallaci, ƙaramar na kan cinyata tana tari, sauro na ta cin mu, ruwan da na riƙo ya ƙare, duk shagunan sun rufe. Ban runtsa ba har aka kira assalatu. Ba na so ko kaɗan Hajiya ta ga irin wannan daren da ciwon gwiwarta.

Funtuwa kuwa ta fuskar lissafin hanya ba ta da aibu, da safe kana fita ka kama hanyar Gusau. Sai dai ranar farko za ta yi muku tsawo, mota uku ke nan ko fiye kafin ku sauke kaya, kuma tun da hutawa kake so yara su yi su ga gari, ba kwanan tasha ba, ban ga abin da zai kai ka can ba.

Saura Kaduna da Zariya, kuma nan ne na san za a yi min gardama, don na ji Kawu ya riga ya ce Kaduna. Kawu ka yi haƙuri, ina da hujja. Gaskiya ne Kaduna ta fi yawan masauki, ga wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi, ga gidan tarihi, ga Gidan Arewa. Amma in kun kwana a can, da safe sai kun fara cinye kilomita kusan 80 kafin ku iso Zariya, sannan a fara lissafin kusan 400 da suka rage zuwa Sakkwato. Wannan awa ɗaya da wani abu da ake rainawa, ita ce ke sa la'asar ta riske ka a inda ba ka so. In kuwa a Zariya kuka kwana, kun riga kun ajiye ta a baya tun jiya.

Ga yadda zan tsara maka. Ranar Alhamis ku hau jirgin ƙasa na safe daga Abuja zuwa Kaduna. Tunda kuna kusa da tashar Kubwa ba sai kun je ta Idu ba. Layin nan tun 2016 aka buɗe shi, kilomita 186 ne zuwa tashar Rigasa ta Kaduna, ka ba shi awa 2 zuwa 3. Abin da ya sa na nace kan jirgi, akwai banɗaki a ciki, Hajiya za ta iya miƙe ƙafa ta ɗan taka, yara ma ba za su takura ba. Tikiti ta intanet ake saya, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022, bayan harin watan Maris na shekarar, ana neman lambar katin ɗan ƙasa. Ka tanadi taka da ta maiɗakinka da ta Hajiya a kusa. Lokacin hutu kujeru na ƙarewa da wuri, kar ka bari sai ana gobe tafiya, kuma ka duba jadawalin a makon da za ku tashi don yana canzawa.

In kun sauka a Rigasa za ka ga masu tasi sun yi dafifi a bakin ƙofa. Kar ka raba iyali a Keke Napep biyu da kaya. Ka yi ciniki da mai mota ɗaya, ko dai ya kai ku tashar Kawo ku hau ta Zariya, ko kuma, wanda na fi so, ka ɗauki shatarsa kai tsaye har ƙofar masaukinku. Ku 6 ne, in ka haɗa kuɗin kujeru da kuɗin kaya da na kai ku Kawo, za ka ga bambancin bai kai wahalar sauke kaya da sake lodi ba. Ku gama magana kan kuɗi kafin jaka ɗaya ta shiga but.

Masauki kuma ka nema tsakanin Kwangila da PZ da GRA, ko kan hanyar Samaru. Dalili, Kwangila nan ne mararraba, hanyar Kano ta yi nata wajen, hanyar Sakkwato ta bi ta Samaru da Shika da Giwa zuwa Funtuwa, kuma a nan motocin Gusau da Sakkwato ke lodi. Ka nemi ɗaki a ƙasa saboda Hajiya, kar a ba ku bene. Ka tambaye su ƙarfe nawa suke tayar da janareta, kuma akwai ruwan zafi? Kar ka raina wannan tambayar. Sanyin Zariya a Disamba ba irin na Abuja ba ne, da asuba ruwan bokiti kamar ƙanƙara yake, leɓe na tsagewa. A sako wa yara rigunan sanyi da hula da safa da man shafawa mai kauri. Wani abin da ya ƙara kwantar min da hankali, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, kan hanyar da za ku bi ma. Ba fata ake ba, amma mai tafiya da tsohuwa da ƙananan yara yana so ya san asibiti na kusa.

Juma'a kuma ku ba garin yininku. Da hantsi ku shiga birni ta Ƙofar Doka, ka nuna wa yara ragowar ganuwa, su ga abin da ake koya musu a makaranta game da Zazzau da Sarauniya Amina da idonsu. Ku yi sallar Juma'a a masallacin ƙofar fada. Asalin ginin na ƙasa ne, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, daga baya aka kewaye shi da sabon gini. In ka samu shiga ɓangaren tsohon, ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon rufin, yadda aka lanƙwasa azara da ƙasa suka haɗu a sama ba ƙarfe ba siminti. Ni ranar da na fara gani tsayawa na yi na kasa magana. Ku je da wuri ku samu inuwa, yara su ga fitowar Sarki da dogarai cikin jajayen kaya, su ji algaita da tambari. Babban yaronka da ke son jirgin sama, ka kai shi wajen Palladan da yamma, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama na nan tun 1964, in an dace ana atisaye zai ga ƙananan jirage na tashi suna sauka. In lokaci ya ragu ku zaga Samaru su ga jami'ar, tun 1962 take, ko banza yaro ya ga inda ake so ya kai. Dutsen Kufena daga nesa ya ishe ku, ban yarda a hau da yara ba. Hajiya kuma in ta gaji a bar ta a masauki ta huta, ba dole sai ta bi ku ko'ina ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ranar Juma'ar nan da la'asar, ka bar su a masauki ka taka zuwa tasha kai kaɗai. Ka nemi ɗan kamashon layin Sakkwato, ku gaisa, ka ce masa gobe kana da mutum 6, kana son motar farko. Ka karɓi lambarsa, ka ga motar da idonka in tana nan, ka duba tayoyinta. In Sharon ce ko Siyana, ka saya wa kowa kujerarsa, har da layin tsakiya gaba ɗaya da kujerar gaba domin Hajiya, ko da za ka biya kujera ɗaya ta banza. Yaro ɗan shekara 7 ba zai yi awa 6 ko 7 a kan cinya ba, uwarsa ce za ta sha wahala. Kuma da yake kun kusa cika motar ku kaɗai, ba za a daɗe ana jiran fasinja ba, wannan shi ne babbar ribar. Kar ka tsaya bakin titi ka tare wadda ta taso daga wani wuri don ta fi araha. Ta cikin tasha, wadda 'yan uniyon suka san direbanta suka rubuta sunayenku, ita za ku hau.

Kuma ban ce ku yi sammakon duhu ba. Da hazon hunturu direba ba ya ganin gabansa sosai, hanyar Giwa ma ba a son ta da duhu. Ƙarfe 7 gari ya waye tangaran ku ɗaga. In Allah ya yarda kafin azahar kun wuce Tsafe kun shiga Gusau, ku ci abinci ku yi salla, ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru, ku haɗa azahar da la'asar ku huta da tsayawa biyu. Daga nan Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, ku shiga Sakkwato da sauran rana.

Guzuri a yi shi tun daren Juma'a: ruwa katan ɗaya, burodi, dafaffen ƙwai, dabino, ruwan shayi a fulas. Maganin Hajiya ya zauna a jakar hannun maiɗakinka, kar a kuskura a sa shi cikin akwatin da za a ɗaure a but. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, tiransifa ba ta tafiya. Wayoyinku su kwana a caji.

Matar ƙanena, ke kuma ki rage kaya don Allah, na san biki ne, amma kayan gudummawa a aika su tun mako guda kafin tafiya ta hannun direban tasha, ku tafi da na sawa kawai. Ƙanena, in ka sayi tikitin ka turo min ranar a nan, akwai ƙawata a Tudun Wada, zan ce ta dafa muku tuwo da miyar kuka ta aiko masauki daren da kuka sauka, Hajiya ba ta son abincin otal. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi biki a sa'a. Hajiya a yi mana addu'a. Sai da safenku.