Ƙanwata, kada ki bar mafarki ya kama ɓarawo a littafinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na ajiye waya amma barci ya ƙi zuwa, sai yanzu da yara suka tafi makaranta na samu na zauna. Kin ce kin fara rubuta labarin wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a nan Garwa ta Kamaru, wadda take gano masu ɗauke-ɗauke a unguwa, ba jini ba bindiga, kuma kina so ta riƙa ganin ɓarawon a mafarki, amma wasu sun ce miki hakan ya saɓa wa addini, wasu kuma sun ce shi ne gishirin labarin. Ni ba malama ba ce, fatawa ta malamai ce. Amma ni an taɓa ɗora mini sata saboda mafarkin wata, don haka ki yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta.

Wata bakwai da aurena ke nan a lokacin, a babban gida ne a Yelwa, ɗakuna jere, tukunya ɗaya. 'Yan kunnen zinaren facalata suka ɓata, waɗanda aka kawo mata tsarabar Makka. An yi kwana biyu ana nema. A rana ta uku bayan sallar asuba gwaggon maigidana ta fito tsakar gida da carbi a hannu ta ce ta yi mafarki, baƙar kaza tana tono a ƙarƙashin gadon amarya har ta tono wani abu mai walƙiya. Amarya ɗaya ce a gidan. Ni ce.

Maigidana ba ya nan, ya kwana a Pitowa saboda kasuwar Lahadi. Ina da ciki wata uku, ko uwar mijina ban gaya wa ba tukuna. Kafin rana ta ɗaga an fito da komai nawa waje. Kwallayen da mahaifiyata ta yi shekaru tana tara mini tun ina 'yar firamare a Gidar, aka jera su a ƙasa ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Akwatunan lefena aka zazzage a kan tabarma. Aka farke katifa da wuƙa. Watan Maris ne, kun san zafin Garwa a Maris, ina tsaye a rana zufa da hawaye sun haɗu, ba wadda ta ce mini zauna. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, Gwaggo ta ce mai ɗauka ba ya tsoron rantsuwa. Sai ta ce a shiga da ni ɗaki. Mata huɗu, ƙanwata. Aka ce in cire ɗankwali, aka tsefe kitsona da yatsu, sannan aka ce in kwance zane. Har yau da nake rubuta wannan hannuna rawa yake. Yarinyar facalata 'yar shekara shida tana leƙe ta labule, yarinyar da kullum nake yi wa wanka. Ba a ga komai ba. Kin san abin da Gwaggo ta ce? Ta ce to ai kazar ta riga ta haɗiye. Wai na riga na fitar da su daga gidan.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar ciwo. In na shiga madafa sai a ja kwanon kuɗin cefane gefe. Uwar adashinmu ta aiko yaro ya maido mini da zubina, sefa dubu biyar a ƙulle a leda, ba ko sallama. A gidan suna in na zauna sai in ga mata suna matsar da jakunkunansu zuwa cinya. Maigidana ya yarda da ni, Allah ya saka masa, amma gwaggonsa ce, ita ta goya shi, me zai ce mata? Ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin har na rame, ungozoma a asibiti ta yi mini faɗa a kan rashin cin abinci, na kasa gaya mata dalili. Kuma matar nan kullum tana wucewa ta ƙofar ɗakina da butarta tana salati da ƙarfi. Ban taɓa zaginta ba, Allah shaida, amma sai da na kai in na ji takun takalminta cikina ya murɗa.

Wadda ta wanke ni ba mafarki ta yi ba. Wata Inna ce mai kitso da take zagaya gidajen unguwar, ba ta yi boko ba, ba ta yi allo mai nisa ba. Wata rana tana yi wa facalata kitso sai ta ce, ke kuwa ranar da na yi miki shuku ba cire 'yan kunnen nan kika yi ba don suna kama tsinke? Ina kika sa su? Facalata ta yi shiru, ta ce a kan madubi. Inna ta ce a'a, ni na ji ƙarar abu ya faɗa gwangwani, kuma ɗakin ranar yana ƙamshin turaren wuta don kina cika gwangwanaye. Ashe washegarin kitson an aika wa wata 'yar'uwarsu da ta haihu a Ngaundere gwangwani biyu na turare. Aka buga waya. Mai jego ba ta ko buɗe na biyun ba. Ta zazzage a faranti, ga 'yan kunne sun nutse a cikin turare. Wata uku cur ina ɗauke da sunan ɓarauniya.

Facalata ta zo ta durƙusa tana kuka, na yafe mata nan take. Gwaggo ba ta zo ba har ta koma ga Allah. Abin da ta ce kawai shi ne mafarkinta bai yi ƙarya ba, tunda ga shi an tono su daga cikin abu kamar yadda kaza take tono. Na yafe mata yanzu, Allah ya ji ƙanta, amma ki duba maganar nan da kyau, don ita ce amsar tambayarki. Mafarkin da ya ce ni ce, shi ne dai aka juya ya ce gwangwani ne. Abin da zai iya nuna kowa bai nuna kowa ba.

Don haka ina roƙonki, ki sa mafarki a littafinki, ki sa shi da yawa ma, mutanenmu suna son sa, wace ce a cikinmu ba ta taɓa tashi da safe ta tambayi kakarta ma'anar ganin ruwa ko maciji ba? Amma kada mafarkin ya ambaci sunan mutum. Kada tsohuwarki ta tashi daga barci ta ce wane ne. Yarinyar da za ta karanta ki a waya a Marwa ko Kusiri za ta tashi da tunanin cewa haka ake gano gaskiya, wata rana ita ce gwaggon wani gida.

Ai mun sha ji a wa'azi cewa mafarki iri uku ne, bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Wannan na ukun shi ne naki. Mai ƙosanki ta wuni a bakin titi, idonta ya ga abubuwa ɗari, ba ta riƙe su duka ba. Ta ga yaron da kullum yake sayen na sefa hamsin yau ya miƙo 'yar dubu sabuwa fil. Ta ga ɗan mashin da ya saba tsayawa ya wuce bai gaishe ta ba, da jan laka a tayarsa alhali an yi wata biyar ba ruwa, sai dai in gaɓar Binuwai ya je. Da dare sai waɗannan su dawo mata a hargitse, ta ga kifi yana tuƙa mashin, ta farka tana tunanin me ya kawo kifi. Daga nan sai ta ɗaura zane ta fita ta yi tambaya. Amma sharaɗin shi ne ki riga ki nuna wa mai karatu lakar nan tun a babi na biyu, a tsakiyar wata hira, yadda in ya kai ƙarshe zai koma baya ya ce wallahi ga ta nan, ni ne ban lura ba. Daɗin irin wannan littafi ke nan. In mafarki ne ya kawo amsar daga sama, kin cuci mai karatu, don shi ba ya barci tare da tsohuwar.

Su ma Turawan da suka fara irin wannan rubutu sun san haka. Tun a 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronal Noks, ya jera dokoki 10 na labarin bincike, a ciki ya ce ba a yarda gaibu ya warware matsalar ba, kuma mai binciken ba zai dogara da wani jin jiki da ba shi da dalili ba. Ni ban san da wannan ba lokacin da nake lise, wato sakandare, ina dai sayen tsofaffin littattafan Faransanci masu rawayar bango da ake shimfiɗawa a ƙasa kusa da babbar kasuwa. A nan na haɗu da tsohuwar nan mai gano masu laifi a littattafan marubuciya Agata Kiristi, Mis Marpul, wadda cikakken littafinta na farko ya fito a 1930. Tana zaune a ƙauye tana saƙa, makaminta kawai shi ne ta san halin mutane. Ranar da Inna mai kitso ta wanke ni, ita na tuna.

Amma ma me zai kai mu Ingila? Ki buɗe Suratu Yusuf. Babu surar da ta kai ta mafarki, taurari 11 da rana da wata, mafarkin fursunoni biyu, shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai. Duk da haka ranar da aka yi wa Annabi Yusuf, alaihis salam, ƙazafi, ba a ce a jira wani ya kwanta ya yi mafarki ba. Mai shaida daga dangin matar ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne mai gaskiya. Aka duba, ta baya ce. Na yi kuka ranar da malamar Islamiyyarmu ta kai mu wannan ayar, har ta tsaya ta tambaye ni lafiya. Da a gidanmu akwai mai cewa a duba riga!

Littafin fassarar mafarkin nan da ake sayarwa a ƙofar masallaci da sunan Ibn Sirin, ki karanta shi don ki samu kayan aiki, amma ki sani malamai da dama suna shakkar cewa shi ya rubuta shi da hannunsa. Shi mutumin Basra ne, tabi'i, ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Ana ba da labarin mutum biyu da suka zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi Hajji, ɗayan kuma ya danganta nasa da sata, saboda ya dubi halin kowannensu. Ko a nan ma masu mafarkin ne suka kawo kansu, ba wani ya yi mafarki a kan maƙwabcinsa ba. Kuma hadisi ya ce mummunan mafarki a yi tofi sau uku ta hagu, a nemi tsari, kada a gaya wa kowa. Ba a ce a tara gida a tsakar rana ba. Ki sa wannan a bakin wani a littafin, ko limamin unguwa ko kishiyar tsohuwar. In kuma har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba a kan halacci, ki kai wa malamin da kika yarda da shi babi ɗaya ya ji da kunnensa.

Wani abu kuma, ko da ba ki tambaya ba. Mai ƙosai a zaune take wuri ɗaya, to wa zai shigar miki da ita cikin ɗakuna? Ki ba ta ƙawa, dillaliya ko mai kitso ko mai lalle, wadda ba a yi mata shamaki a kowane gida. Kada waɗanda ake zargi su wuce biyar, mai karatu a waya mantuwa gare shi. Kuma don Allah ki bar Garwa ta zama Garwa. Ki bar su su gaisa da Fulatanci su yi ciniki da Hausa su yi faɗa da Faransanci, a kai ƙara wurin jauro kafin a je kwamisariya wurin 'yan sanda, a sha folere, wato zoɓo, a ci giwan ruwa. Na gaji da karanta 'yan'uwanmu na nan suna rubuta unguwannin Kano da ba su taɓa takawa ba. Sannan ki riƙa sa sunanki a tsakiyar kowane babi ba a sama kawai ba, masu kwashe rubutu a WhatsApp kan suke yankewa.

Abu ɗaya da nake so ki yi mini, ni da kaina. A littattafan nan da an kama mai laifi sai a rufe, kowa ya sha shayi. Wanda aka zarga a banza tun a farko fa? Ki ba shi babi guda nasa. Ki nuna shi yana shiga kasuwa ana matsar da jaka. Kuma a ƙarshe ki sa wanda ya yi masa ƙazafin ya tako da ƙafarsa, a gaban mutanen da suka ji zargin, ya ce na zalunce ka. Ni ban samu wannan ba, ina so in karanta shi ko a takarda ne.

Ki turo mini babi biyun farko ta akwatin saƙo in duba miki inda za ki ɓoye lakar. Bayan la'asar nake riƙe waya.