Amsa ga Hajiya mai tambaya kan zaɓen darussan IGCSE

Wa alaikumus salam Hajiya. Wlh ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, kamar ni ce na rubuta ta shekara 3 baya. Kin ce yaronki shekararsa 13, a gida yake karatu ta intanet, an turo muku jerin darussan IGCSE, jarrabawar sakandare ta Cambridge ɗin nan, wai ku zaɓi 8 kafin ƙarshen wata, shi kwamfuta da zane yake so, babansa kuma ya kafe sai likita. To 'yar'uwa kar ki sa hannu a komai tukun, ki ji nawa.

Tawa mace ce, sikila ta sa muka cire ta daga lise nan Garwa, dan wata ɗaya tana aji wata ɗaya tana gadon asibiti. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani mushe, wato malami, mai koyar da yara ta waya, baki kamar zuma, Hajiya kar ki damu, Hajiya ɗiyarki ɗiyata ce. Shi ya zaɓa mata komai, lissafi, bayoloji, kemistiri, fiziks, Turanci, Faransanci da ICT, wato darasin kwamfuta, ni dai nawa turo kuɗi duk ƙarshen wata, ko kwana ɗaya ban taɓa makara ba, har awarwarona na sayar lokacin da kasuwar babansu ta tsaya. Shekara ɗaya da rabi muna haka.

Da lokacin rijista ya zo na ce ni da kaina zan je. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, mu hau falez ɗin nan ina riƙe da dosiye a ƙirji, sannan jirgin ƙasa na dare har Yawunde. Na isa makarantar da za ta rubuta, matar da ke kan tebur ta ɗago kai ta ce lissafin Core ne ko Extended? Wlh Hajiya ranar na fara jin kalmomin nan. Na kira mushe a gabanta, sai da na kira sau huɗu ya ɗauka, ya ce Core ne mana, har da bayoloji da sauran, wai ai yarinyar ba lafiya gare ta ba shi ya sa ya sauƙaƙa mata. Ya sauƙaƙa mata! Wa ya roƙe shi? Matar nan ce ta zaunar da ni ta yi min bayani, wanda ya rubuta Core ko ya cinye takardar duka C ce iyakarsa, A da B sai a Extended. Yarinyar da ke tashi da asuba tana karatu da tocila, da ciwon ƙafa da komai, ashe tuntuni an rufe mata ƙofa ba mu sani ba. Kuma ICT ɗin ma suka ce ba sa karɓar ɗan waje, wato wanda ba ɗalibinsu ba, a kansa, dan akwai jarrabawar da ake yi kan kwamfutocinsu. A jirgi na dawowa ban runtsa ba, na rufe fuska da mayafi ina ta kuka har wata tsohuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min. Shi kuwa mutumin ko haƙuri bai bayar ba, ƙarshen wata ma sai ga saƙonsa wai Hajiya ba a ga alat ba. Na bar shi da Allah, amma har yau in na ji mai irin muryarsa raina ɓaci yake.

To shi ya sa nake ce miki ki fara nemo inda yaron zai zauna ya rubuta, ki tura musu jerin nan su faɗa miki da bakinsu wanne suke karɓa daga ɗan waje. Kuma kowane darasi da lambarsa, lissafi 0580, bayoloji 0610, kemistiri 0620, fiziks 0625, ki sa a rubuta miki lamba da matakin a takarda ki ajiye. Kimiyya kar ta ba ki tsoro dan ba ku da labo a gida, akwai takarda ta 6, a rubuce ake yinta maimakon gwaji. Zanen ne nake jin tsoro, dan aikin hannu ake haɗawa a tura, ba kowace cibiya ke yarda ba. Ki bar shi ya yi ta zanensa a gida, kar dai a ƙwace masa fensir, tawa ma da ta daina ɗinkin da take so saboda karatu sai ta koma kamar marainiya.

Maganar babansa kuwa, hmm, mazan nan duk likita suke so. Ki lallaɓa shi ya gane IGCSE ba ita ke kai yaro konkur, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci ba, sai ya ƙara A Level, matakin da ke gaba da ita, ko ya koma tsarin Faransanci ya yi Bak C ko D na ɓangaren kimiyya, kuma takardar waje sai an nema mata ekibalans, wato shaidar daidaita ta da ta gida, a Yawunde. Amma dai lissafi da kimiyya ukun nan a riƙe su a Extended, yaron 13 yau yana son wannan gobe wancan. Faransanci kuma kyauta ce ga yaranmu, kar ki bari ya wuce shi, tawa ko wahala ba ta sha ba, akwai dai na baka da ake yi. In ya yi Islamiyya sosai Larabci ma akwai.

Sannan wa ya ce dole 8 a zama ɗaya? Sau biyu ake yi a shekara, zangon Yuni da na Nuwamba. Mu dole ta sa muka ɗaga zuwa Nuwamba, muka jefar da ICT, ta koma Extended da wata malama, sakamako ya fito a Janairu alhamdulillah ba kunya. Kuma gara haka ma, dan na Yuni bitarsa a Maris da Afrilu take faɗawa, kin san Garwa a lokacin, zafi ya haura 40, ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, kuran, wato lantarki, ya tafi, rezo na waya ya bi shi. Ki buga masa tsoffin takardun jarrabawa a ajiye tun yanzu.

Dangin miji kuma ki toshe kunne, ni har cewa aka yi na mayar da yarinya 'yar kallon waya. Abu ɗaya da nake nadama shi ne ban sa ta rubuta BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare ta nan Kamaru, a kandida libir, wato a matsayin 'yar waje ba, da ko ba komai tana da takardar gida a hannu.

Batir ɗina saura kaɗan kuma tun azahar ba wuta. Ki ɗauki hoton jerin da suka turo ki sa nan, in an kawo kuran zan duba miki lambobin. Allah ya raya mana su.