Ɓauren Tin A Cikin Duro: Amsar Tambayoyinku

Wata Hajiya daga Zariya ta ce gidan haya take, tsakar gidan duk siminti ne, ko ɓaure zai yi mata a tukunya?

Hajiya zai yi, amma fa ba ɓauren nan namu na bakin rafi ba wanda in kin fasa ɗansa sai ƙananan ƙwari, wancan ƙaton bishiya ne. Wanda za ki nema shi ne Tin, wanda Allah Ya yi rantsuwa da shi tare da zaitun, irin su Brown Turkey ko Little Miss Figgy da ba ya wuce tsayin mutum. Su ba ruwansu da ƙwarin nan, da kansu suke 'ya'ya. Ki samu rabin duron roba ki huda gindinsa wuri biyar ko shida, ki haɗa ƙasa da yashi da takin akuya wanda ya ruɓe sosai, ki aje inda rana ke duka aƙalla awa 6. Kar ki wahalar da kanki da iri, reshe ake dasawa, mai kaurin fensir tsawon kamar santimita 20, cikin wata ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa.

Wani kuma daga Maraɗi hankalinsa ya tashi, wai ganyen nasa duk ya zube a Disamba. Malam bai mutu ba, hutawa yake, haka yake yi da hunturu. Kankare bawon da farce, in ka ga kore to da ransa. Rage ruwa, kuma lokacin aski ke nan, ka datse dogayen rassa, sai dai ka sa safar hannu don farin ruwan nan nasa yana sa ƙaiƙayi ba kaɗan ba. Inda na fi ganin ana asara ma Maris da Afrilu ne, baƙar roba ta ɗau zafi ta dafa saiwar, to ka naɗe ta da buhu kuma ban ruwa kullum.

Mai cewa nasa sai ganye ba 'ya'ya, takin yuriya ka cika masa, bar shi haka.

Tsinka kuwa sai ɗan ya yi laushi wuyansa ya lanƙwasa, don in ka cire shi ɗanye ba ya ƙarasa nuna yadda mangwaro ke yi. Tsuntsaye ma jira suke, ka yafa masa tsohon gidan sauro.