Babbar Riga da Turare a Wurin Zikiri: Amsa Ga Ɗan Ƙanwata

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne, tunda ana cewa sufanci gudun duniya ne, don me dattawanmu ba sa fita zikirin Juma'a sai sun sa babbar riga da ta sha bugu, sun shafa turare? Ka kuma ce a ajin falsafa an nuna muku cewa mutanen dā sun haɗa kyan gani da nagarta, kana son jin ko akwai alaƙa. Akwai, amma bari mu bi ta a hankali.

Aflatun, malamin birnin Atina na ƙasar Girka da ya rasu wajen shekara 348 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce mutum yakan fara da son kyan jikin mutum guda, sai ya lura kyan nan yana jikin wasu ma, daga nan ya hau zuwa kyan hali, da na dokoki, da na ilimi, har ya kai ga Kyau shi kansa, wanda ba ya tsufa. Bai zagi matakin farko ba, tsayawa a kansa ya ƙi. Bayansa da ƙarni shida aka yi Aflutin, wanda ya yi karatu a Iskandariyya ta Masar, ya koyar a Rum, ya rasu a 270. Shi cewa ya yi idan ka duba ranka ba ka ga kyau ba, ka yi yadda mai sassaƙa yake yi: ka rage nan, ka goge can, har ya fito. Ka taɓa tsayawa gaban masassaƙi yana fitar da turmi daga gungume? Ba ya ƙara wa itacen komai, cirewa kawai yake yi. A ƙarni na 9 aka mayar da wani sashe na maganganun Aflutin zuwa Larabci a Bagadaza, masanin falsafa Alkindi ya gyara fassarar, sai dai da sunan Arisɗo, almajirin Aflatun, aka yaɗa ta.

Kada ka ɗauka daga nan malamanmu suka samo rigarsu. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi, har ya kafirta su a mas'aloli uku. Amma a cikin littafinsa Ihya'u, wanda har yau ake jan baƙinsa a zaurukanmu, ya zauna ya yi bayanin kyau a babin soyayya. Ya ce kyan kowane abu shi ne ya cika kamalar da ta dace da shi, na doki daban, na rubutu daban, kuma akwai kyan da ido ba ya gani sai basira. Kai da kanka ka gwada: kana son Imamu Malik, alhali ba ka san fari ne ko baƙi ba. Iliminsa da tsantseninsa ka so. Shi ɗin kuwa an ruwaito cewa idan zai karantar da hadisi sai ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare, a turara wurin, don girmama maganar da zai faɗa.

Tushenmu hadisin Muslim ne. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi kan girman kai, wani ya ce ai mutum yana son rigarsa da takalminsa su yi kyau. Aka amsa masa cewa Allah Kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai kuwa ƙin gaskiya ne da wulaƙanta mutane.

Don haka idan ka ga tsoho ya ɗauko rigarsa daga wajen mabuga tun Alhamis, ya zo ya zauna gefen farin ƙyallen da aka shimfiɗa yana hailala, wurin da zai je ya girmama. Abin da ke ɓata min rai shi ne mai cin bashi don shaddar da za ta fi ta maƙwabcinsa, ko mai janye gwiwa don kada rigar talaka ta taɓa tasa. Wannan kam ba na kare shi, kuma ina jin shi ne ya sa ka tambaya.

In ka zo hutu ka taho da littafin da ake koya muku, mu karanta shi tare da babin Gazali bayan Asuba. Ka gaishe min da mahaifiyarka.

Kawunka.